Yaya Na Son A Rushe Soron Gidanmu, Hajiya Ta Ce Ba Da Ranta Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga cikin birnin Zariya. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan ƙasa wanda kakanmu ya gina. Ɗakin mahaifiyarmu soro ne mai rufin azara, an sa masa silin shekarun baya, bangon waje kuma an shafe shi da siminti. Akwai wasu ɗakuna biyu a baya masu rufin kwano da katako. Tun daminar bara Hajiya take share wani gari-gari da ɓurɓushin ƙasa a kusurwar gabas ta ɗakinta, bana kuma ga tsaga ta fito a bango daidai ƙarƙashin indararo. Babban yayanmu ya kawo kafinta, ya ɗaga kai ya duba, ya ce gara ta gama da gidan, a rushe a yi na bulo. Ni kuma na kawo wani dattijon magini, ya ce azara ba ta mutuwa, yaɓe kawai za a sake. Hajiya ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya ba za a rushe shi da ranta ba, kuma ba inda za ta. Yanzu ni da Yaya gaisuwa ma sama-sama muke yi, yana cewa in ɗakin ya faɗo mata alhakin yana wuyana. Hadari na haɗowa sai in kasa barci. Shin akwai yadda za a gane lafiyar itacen ba tare da an fasa rufin ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Hanya akwai, kuma yawancinta ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Amma kafin a ɗauko guduma, maganar kwana ce a gaba. Hajiya ta bar kwana a ɗakin nan har sai an duba shi. Rufin ƙasa ba kasafai yake faɗowa da rani ba; cikin marka yake yi, bayan ya sha ruwan kwana da kwanaki ya yi nauyi. Alamun da ka lissafa ba hujja ba ce cewa ɗakin ya mutu, amma sun isa a ce kada tsohuwa ta kwana a ƙarƙashinsa ana ruwa. Kada kai ko Yaya ku kai mata maganar, domin yanzu ta riga ta ji kalmar rushewa a bakinku, duk abin da kuka faɗa da wannan kunnen za ta saurara. Ku nemi wanda take jin nauyinsa, kawunku ko baffanku, ya gaya mata gyara za a yi wa ɗakinta don ya daɗe. Gadonta da kwallayenta su zauna inda suke, ta ɗauki abin shimfiɗa kawai. Ganin kayan nan a mazauninsu shi zai tabbatar mata ba dabarar fitar da ita ake yi ba.

Kafintan Yaya da magininka kuwa, abu ɗaya suka yi: kallo. Kowa ya yanke hukunci da ido, alhali ido shi ne mafi raunin shaida a kan itace. Gara ba ta son haske da iska, don haka ta ciki take bi, ta cinye tsakiya ta bar fatar waje sumul, wani lokaci ma ta cike ramin da ƙasa. Ruɓa kuma aikin wata irin funfuna ce da ke cin itace in ya jiƙe, kuma tana karya ƙarfinsa tun kafin kamanninsa su sauya. Masu binciken katako sun daɗe da gano cewa kafin itace ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa saboda ruɓa, yana iya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye. Ka ga ke nan azara na iya yin kyau a ido tana gab da karyewa, wata kuma ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi da tsufa alhali garau take.

Dattijon magini yana da gaskiya rabi. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma gefen bayan giginya tauri gare shi ƙwarai, gara ba ta cika iya masa ba. Ku da kuke Zariya ba sai an ba ku labari ba: Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka ɗaure bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa. Amma abin da ya raya irin waɗannan gine-gine shi ne an hana ruwa zama a jikinsu. Gefen cikin giginya laushi gare shi, kuma kan azara, wato ƙarshenta da aka binne a bango, yana zaune ne cikin ƙasa. In ƙasar nan ta riƙe laima, nan ɓarna take farawa, kuma nan ne daidai inda nauyin rufin duka yake sauka. Tsakiyar azarar da kowa ke gani daga cikin ɗaki ita ce ta ƙarshen lalacewa.

Ruwa shi ne jagoranka a binciken nan. Funfunar da ke ruɓar da itace ba ta aiki sai laimar jikinsa ta haura kashi 20 cikin 100, a ƙasarmu kuwa da hunturu katako yakan bushe ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka ruɓa ba ta bin gida gaba ɗaya, wuri-wuri take kamawa: ƙarƙashin indararo, inda rufi ya tsage, inda ruwa ke kwanciya a sama, bangon da ke jingine da makewayi. Kusurwar gabas da ka ambata ba ta ba ni mamaki ba, tunda daga gabas hadarinmu yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Simintin da aka shafa ma ina zarginsa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yakan saki ya bar rata, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye.

Ranar bincike, ku fara da tokara. A sami ƙaƙƙarfan katako ko bututun ƙarfe a tokare rufin a kusurwar da ake zargi, da faffaɗan katako a ƙasa da wani a sama don nauyin ya bazu. A tokare a hankali, ba a ɗaga rufin ba. Kada kowa ya hau sama in ƙasar tana jiƙe. Sannan a cire silin, aƙalla layin da ke bin bango, domin silin ɗin nan shi ya rufe muku ido shekara da shekaru. Ka haska tocila ta gefe, haskenta na bin jikin azara, a nan ne kumburi da lotsawa da ƙananan huji suke fitowa. A ja zare daga wannan bango zuwa wancan a ga wace azara ce ta yi ciki fiye da 'yan'uwanta.

Garin da Hajiya ke sharewa ma shaida ne, kada a zubar. A shimfiɗa farin ƙyalle a wurin a bar shi ya kwana biyu. In abin da ya zubo laushi ne kamar fulawa, kuma akwai huji ƙanana kamar na allura a sama, ƙwaron katako ne, kuma sau da yawa a katakon silin yake ko a zanar da aka shimfiɗa kan azara. In ɓurɓushin ƙasa ne, ko dai gara ce ko rufin ne ke motsi. Ka nemi hanyar gara, 'yar siririyar ƙasar nan da take ginawa a jikin bango. Ka karya kamar tsawon yatsa ka tafi. In ka dawo bayan 'yan kwanaki ka tarar an ɗinke wurin, tana nan da ranta. In yana yadda ka bar shi, tsohuwar hanya ce, sai dai ɓarnar da ta riga ta yi tana nan.

Daga nan sai guduma. Ƙaramar guduma, a bi kowace azara ana ƙwanƙwasawa daga wannan kai zuwa wancan, taƙi bayan taƙi, yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa su ji ko tana da tsaga. Lafiyayyen itace amonsa tsaf yake fita, gudumar ta yi tsalle ta dawo hannunka. Wanda ya yi kogo amonsa na fanko ne, wanda ya ruɓe kuma sai ka ji bus, gudumar ta mutu a jikinsa. Ku fara da wurin da kuka tabbata bushe yake, kunne ya saba da amon lafiya, sannan ku nufi gabas. A yi shiru a gidan, mutum biyu ko uku su saurara. Sai dai ka sani guduma ɓarnar da ta yi nisa take tonawa, wadda ke farawa takan wuce ta, haka ma in itacen yana da kauri sosai.

Shi ya sa ake bin ta da tsira. Ka ɗauki sukundireba mai kaifin baki ko basilla, ka danna da ƙarfin hannu kawai, ba da duka ba. A lafiyayyar azara da ƙyar bakin zai shiga. Sannan ka soka shi a karkace ka ɓanɓaro ɗan kaɗan. Itace mai rai dogon sili yake bayarwa, mai kaifi, yana ƙara in zai rabu. Ruɓaɓɓe kuwa guntu yake karyewa daidai bakin ƙarfen, ba ƙara, ya marmashe tsakanin yatsunka. Wannan ɗan gwajin yakan kama ruɓar da guduma ba ta ji ba.

Aikin da ya fi duka muhimmanci na magini ne. Ya buɗe ƙasar da ke kewaye da kan azara a bango, kamar faɗin tafin hannu, a wurare uku ko huɗu a gabas da ɗaya a wani bangon don kwatanci. Ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba, kuma bayan an tokare. A sa yatsa a ji ƙasar: busasshiya ce ko danya? A sansana. A tsira kan azarar. A duba ko nawa ne tsawon da ya rage zaune daram a kan bango. In an gama a mayar da ƙasa a toshe. Wannan ba fasa rufi ba ne, ramin da za a rufe cikin minti kaɗan ne, amma amsar tambayarka kusan duk tana cikinsa. Tsagar bangon kuma a ja mata layi da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe. Tsagar da ta tsaya cik dabam take da wadda ke ƙaruwa bayan kowane ruwa.

Akwai na'urori da aka ƙera musamman don wannan aiki. Mafi sauƙi ita ce ma'aunin laima, mai ƙusoshi biyu da ake dannawa a itace ta nuna lamba. Da ita za ka zana taswirar inda ruwa yake a ɗakin. Akwai 'yar kyamara a bakin siririyar waya da ake haɗawa da wayar hannu, a zura ta ta ƙaramin huji a leƙa bayan silin ko cikin kogo. Waɗannan biyun ba su fi ƙarfin aljihun gida ba. Manyan su ne na injiniyoyi. Ɗaya tana auna lokacin da sauti ke ɗauka ya ratsa katako: a buga a wannan gefe, a karɓa a wancan. A lafiyayyen katako sautin na ratsa kauri da saurin wajen mita 1,000 ko fiye a daƙiƙa, in ya ci karo da ruɓa ko kogo sai ya zagaya, ya makara. Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison, wadda aka kafa a 1910, ta ba masu duba gadoji ƙa'idar cewa in lokacin ya ƙaru da kashi 30 cikin 100, ana ɗauka katakon ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ɗayar kuma allura ce doguwa mai juyawa, bakinta milimita 3 kacal, wadda wani Bajamushe mai suna Frank Rinn ya ɓullo da ita a shekarun 1980, aka san ta da Resistograph. Tana shiga tana zana layi: inda itace ke da tauri layin ya hau, inda ya ruɓe ya faɗi ƙasa. Da ita ake duba tsofaffin gine-ginen katako a Turai da turakun lantarki da bishiyoyin gefen titi.

Ban ce ka tafi neman waɗannan manyan ba. Tsada gare su, ba kasafai ake samun su a nan ba, kuma lambobinsu a kan katakon bishiyoyin can aka tsara su. Giginya ba irin wannan itacen ba ce, zare-zare take, mai tauri a baya mai laushi a ciki, don haka ko an samo na'urar sai an fara gwada ta a kan lafiyayyar azara an kwatanta. A ɗaki ɗaya irin na Hajiya, guduma da sukundireba da ma'aunin laima da hannun magini sun wadatar. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne mutum na uku da ba na kowa ba: injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, ko wani daga sashen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda a ƙofarku take. Ka zaɓi wanda ya san ginin ƙasa, kuma ya rubuta abin da ya gani a takarda. A biya shi kuɗin dubawa kawai, kada ya zama shi zai karɓi kwangilar gyara ko ta rushewa.

Maganar "yaɓe kawai za a sake" ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan, sai an auna kaurin ƙasar da ke sama. Gidan da kaka ya gina ya sha yaɓe a kan yaɓe. Ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan ɗaki mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi ta kai kusan tan ɗaya da rabi, nauyin buhun siminti 30 ke nan, kafin ta sha ruwa. A ɗora wannan a kan azarar da kanta ya ruɓe, an gaggauta abin da ake tsoro. Sau da yawa gyaran gaskiya ragin ƙasa ne, a kankare tsohon yaɓe, a gyara gangaren ruwa, a sake dasa indararo yadda zai zubar nesa da bango.

Ɗakunan kwanon na baya kada ku raina su don sun fi sabunta. A nan ne ma maganar kafinta ta fi yiwuwa ta zama gaskiya, domin yawancin katakon rufi na kasuwa farin itace ne mai laushi, abincin gara. Wani ya shiga cikin silin da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ya taka kan bango ba kan silin ba, ya tsira katakon da ke kwance kan bango da wuraren haɗi da duk inda ƙusa ta yi tsatsa ta bar tabo. Baƙin mai ko maganin katako na Solignum da ake shafawa a fata suke tsayawa. Ba sa mayar wa katako ƙarfin da ya tafi. Wanda aka cinye sai canji.

Kowace azara da aka gwada a sa mata alama da alli: lafiya, shakka, ko ta mutu. Alamomin nan ne za su raba gardamar. In matattun kaɗan ne kuma bango bai motsa ba, a canza su ko a sa musu mataimaki, aikin da magina suka gada ne. In kawunan layi guda duk sun tafi, ko tsagar na ƙaruwa, ko bangon ya fara karkata, to rufin zai sauka ko da wa zai ji haushi. Amma sauke rufi dabam, rushe ɗaki dabam. Ana iya gyara bangon gabas a mayar da sabon rufi, ƙofar tana inda take, alkukin bango yana inda yake. Tsakanin abin da Yaya ke so da abin da Hajiya ke so akwai fili mai faɗi da har yanzu ba wanda ya taka a cikinku.

Shi kuwa Yaya, ka je ka same shi har gida kafin ka kira kowa. Zafin maganarsa ta alhaki ta yi maka ciwo, na sani, amma tsoron da ke hana ka barci shi ne ke sa shi faɗa. Ka ce masa ya yi gaskiya a kan haɗarin, kuma kana so shi ya jagoranci binciken a matsayinsa na babba. Kafintansa ya zo, magininka ya zo, baffa ya zauna shaida, gudumar ma a miƙa wa Yaya ya ƙwanƙwasa da hannunsa. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara cewa abin da alli da takardar injiniya suka nuna shi za a bi, ko da ya saɓa wa son ranka. Idan kuma ka lura ko bayan haka yana nan a kan rushewa, to ba gara ce damuwarsa ba, maganar rabon gado ce ko ta abin da za a yi da filin. Wannan a ware ta, a kai ta gaban malamai ko alƙali da sunanta. Muddin ba a raba gida ba, ba magajin da ke da ikon rushe shi shi kaɗai, kuma Hajiya kanta tana da tumuninta a ciki.

Binciken a yi shi cikin makon nan, domin da damina ne laima ke nuna inda take. Babban gyara kuwa a jira ruwa ya ɗauke, ba a buɗe rufin ƙasa ana marka. Kafin lokacin, a bar tokaran a wurinsu, a toshe tsagar sama, a share bakin indararo, a lulluɓe kusurwar gabas da tamfol a danne gefensa yadda ruwa zai gangara waje maimakon ya taru a kai.